Sauƙin Da Muka Nema, Da Sauƙin Da Muka Ƙi

 A makon jiya mun yi muku alkawarin ci gaba da bayani a kan zakkar dukiyar ciniki. To, muna roƙonku ku yi mana haƙuri har mako mai zuwa, domin kuwa wani abu ya same mu a kan tsaunin Mambila a ƙarshen watan Oktoba wanda muka ga bai kamata mu bari ya huce ba tare da mun sanar da ku ba. Abin ya faru ne cikin yini guda tak, amma saura kaɗan mu komo gida da gawar ɗan'uwanmu Musulmi, alhali kuwa dukanmu masu salla ne, kuma akwai a cikinmu waɗanda suka sauke littattafan fiƙihu tun suna samari.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, tsaunin Mambila yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru. Manyanmu suna tuna ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, wadda a bayanta wannan yanki ya shigo Nijeriya aka sa masa suna Lardin Sardauna. Mai zuwa daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti, sa'an nan daga Mayo Selbe mota ta kama hawa tana kewaya dutse kamar mai naɗa rawani, har ta fito a kan wani fili mai faɗi, mai sanyi, inda ba ka ganin kome sai ciyawa da shanu da gizagizai suna tafiya ƙasa-ƙasa. A can gabas, cikin gandun dajin Gashaka Gumti wanda aka kafa a 1991, akwai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Wannan kuwa ba tafiyar yini ba ce, sai an yi shirin kwanaki. Mu inda muka nufa shi ne kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa da ke kan hanyar Gembu, wanda hukuma ta keɓe tun 1969, wanda kuma tsayinsa daga teku yake tsakanin mita 1,400 da 1,600. Keɓe daji don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, gama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza.

Mu bakwai ne. Huɗu ma'aikatan gwamnati ne da aka turo aikin kwana goma, biyu fatake ne masu sayen shanu, sai mu na bakwai. Masaukinmu ɗaya a Nguroje, a can muka saba, a can kuma shawarar ta taso bayan sallar lisha, muna kewaye da garwashi saboda sanyi. Wani ya ce abin kunya ne mutum ya zo Mambila ya koma bai ga kurmin da masana suke tahowa tun daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand don su yi bincike a cikinsa ba. Kowa ya ce haka ne. Muka sa ranar Alhamis.

Niyyarmu, Allah ne shaida, ba ta da aibu. Alƙur'ani mai girma ya yi kira a wurare da yawa ga mutum da ya yi tafiya a bayan ƙasa ya lura da halittar Ubangijinsa, kuma wanda aikinsa zama ne a kan kujerar ofis ko a kan buzu a rumfar kasuwa daga safe har yamma ya fi kowa bukatar wannan. Amma fa kyan niyya ba ya zama maimakon shiri. Ga yadda muka fita: ɗayanmu da babbar riga, biyu da takalma sau-ciki masu santsi irin na zuwa ofis, ruwan shanmu gora uku ga mutum bakwai. Ba mu kuwa naɗa shugaba ba, ko da yake babu wanda bai san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ba, wanda ya yi umurni ga mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Mun ɗauka wannan magana ce ta masu ƙetare Sahara a kan raƙuma, ba ta masu yawon buɗe ido na yini ɗaya ba.

A Yelwa aka haɗa mu da jagora, wani saurayi Bafillace siriri, mai sanda da takalman roba, wanda shekarunsa ba su wuce na 'ya'yan wasunmu ba. Kafin mu tashi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Iyayena, akwai mai wani ciwo a cikinku, ko wanda bai karya kumallo ba?" Muka yi dariya, muka ce lafiyarmu ƙalau. Babban cikinmu, wani Alhaji ɗan kasuwa mai kimanin shekara sittin, shi ne ya fi kowa dariya. Ya ce shi da ya hau Dutsen Hira a Makka da ƙafarsa, wane kurmi ne zai ba shi tsoro? Bai gaya mana yana azumin Alhamis ba. Bai kuma gaya mana yana da ciwon sukari ba, balle ya ce ya sha ƙwayar maganinsa da sahur kamar yadda ya saba. Ya ɓoye azumin ne don gudun riya, wannan kuwa abin yabo ne a muhallinsa. Ciwon kuwa ya ɓoye shi ne don kada a ce ya tsufa.

To, akwai wani abu game da wannan kurmi da ya kamata duk mai nufin zuwa ya sani. Galibin duwatsun da muka saba da su, irin Dala ko Kufena, hawa ake fara yi da sauran ƙarfi, in an gaji a gangaro. Ngel Nyaki kuwa akasin haka ne. Kurmin yana kwance ne a jikin gangaren tsauni, ana isa gare shi ta sama, ta cikin ciyawa. Watau sauka ce farko, hawa sai a komowa. Duk takin da ka yi da safe kana murna bashi ne ka ci, za ka kuwa biya shi da la'asar, sa'ad da gwiwa ta mutu.

Muka shiga wajen ƙarfe tara. Jama'a, wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, da wuya magana ta isar masa. Taki kaɗan daga hasken rana sai ka ga kamar an rufe ƙofa a bayanka. Itatuwa ne miƙaƙƙu, sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi kafin ka ga inda reshe ya fara, saiwoyinsu sun fito waje kamar bangon ɗaki, igiyoyin kurmi sun sauko daga sama sun nannaɗe juna, gansakuka ta rufe kowane dutse da kowane kututture. Ƙasa jiƙe take, baƙa, tana ƙanshin ruɓaɓɓen ganye. Birai suna tsalle can sama suna yi mana tsawa. Jagora ya nuna mana wata sheƙa ta karyayyun rassa a ƙwanƙolin itace, ya ce a nan birin nan mai kama da mutum, wanda Turawa ke kira cimfanzi, ya kwana, kuma kullum dare sabuwa yake yi. Mutanen da ɗazu suke gardamar farashin shanu da ƙarin girma a wurin aiki sai ga su sun yi tsit, ba ka jin kome sai tasbihi a ƙarƙashin numfashi. Ba mu ƙi a ce wannan sa'a guda ta fi mana wa'azin wata guda amfani ba.

Amma damina ba ta gama ɗaukewa ba, hanya kuwa laka ce mai santsi. Masu takalman ofis suka yi ta faɗuwa, mai babbar riga ya naɗe ta ya ɗaure a gindi, muka auka cikin jerin kwarkwasa muka yi ta rawa ba kiɗa. Kafin mu kai wata ƙorama a can ƙasa, rana ta yi tsaka.

A bakin wannan ƙorama ne muka yi kuskuren da ya fi kowane. Jagora ya ce mu yi salla maza mu juya, domin hawan zai ci ninkin lokacin da sauka ta ci, kuma hazo yakan rufo da yamma. Muka yi alwala da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Sai ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ce ai mu matafiya ne, ƙasaru za mu yi, raka'a biyu. Wani ya ce a'a. Nan fa gardama ta tsinke, kowa ya jawo abin da ya tuna daga makarantar zaure, har da masu ciro waya suna neman fatawa a inda babu ko ɗigon sabis. Muna jin kunyar faɗa muku cewa mun kusa cinye sa'a guda a kan wannan, mu kanmu kuwa muna tsakiyar gardamar, har muna jin daɗinta.

Hukuncin kuwa a bayyane yake, ga shi don amfanin wanda zai sami kansa a irin wannan hali. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ba a yin ƙasaru sai a tafiyar da ta kai baridi huɗu, watau mil 48, abin da ya haura kilomita 80 kaɗan a lissafin yau. Tafiyar zuwa kaɗai ake ƙirgawa, ba a haɗa ta da komowa. Wahala ba ta shiga lissafin: wanda ya yi mil ɗari a cikin mota mai sanyi yana da ƙasaru, wanda ya yi mil biyar yana rarrafe a jikin dutse ba shi da ita. Wanda ya ce ai mun baro Jalingo, amsarsa ita ce mun sauka a Nguroje da niyyar kwana goma, niyyar zaman kwana huɗu cikakku kuwa tana yanke hukuncin tafiya, mun zama mazauna. Daga Nguroje zuwa wannan ƙorama kuwa ko kusa bai kai baridi huɗu ba. Abin da aka yi wa matafiyi rangwame a kansa ko da tafiyar gajera ce, muddin ta tudu ce, shi ne haɗa azahar da la'asar, kamar yadda Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar. Amma shi ma da sharaɗinsa: wanda rana ta yi zawali yana sauke, ba zai jawo la'asar zuwa lokacin azahar ba sai in ya yi nufin ba zai sake sauka ba sai bayan faɗuwar rana. Mu kuwa a zatonmu za mu fita kurmi tun rana ba ta yi fatsi-fatsi ba. Saboda haka muka sallaci azahar raka'a huɗu, muka bar la'asar sai mun hau.

Duk tsawon gardamar nan Alhaji yana zaune a kan dutse bai ce uffan ba. Muka buɗe guzuri, ƙosai da burodi da dafaffen ƙwai, ya ce shi ya ƙoshi. Babu wanda ya tambaye shi dalili. Mutum shida masu ilimi sun zauna suna tone-tonen yadda za su rage wa kansu raka'a biyu da ba ta fi minti uku ba, ga ɗan'uwansu a gabansu leɓɓansa sun bushe, ba wanda ya dube shi.

Muka kama hawa wajen ƙarfe ɗaya da rabi. A nan ma muka sake wani kuskuren, masu ƙarfi suka yi gaba, kowa yana son ya nuna shi ba rago ba ne, jerinmu ya tsinke gida uku. Alhali kuwa Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, ya ba da labari cewa al'adar Manzon Allah a tafiya ita ce ya riƙa komawa baya, yana kora mai rauni, yana goya wanda ya gaza a bayan abin hawansa, yana yi musu addu'a. Jagoran nan namu bai karanta wannan a littafi ba, amma shi kaɗai ya aikata shi. Ya bar gaba ya komo ƙarshen layi, ya yanko wa Alhaji sanda.

Wajen ƙarfe uku muka ji kiransa daga ƙasa. Ko da muka gangaro, sai muka tarar da Alhaji a zaune cikin laka, ya jingina da saiwar itace, zufa mai sanyi ta jiƙe masa riga, hannuwansa suna makyarkyata, maganarsa tana harɗewa kamar ta mai magagin barci. Abokin cinikinsa ne ya fashe da salati, ya ce, "Wayyo, yau Alhamis! Yaya Alhaji azumi yake yi, kuma yana da sukari!"

Wanda ya sha maganin rage sukari, sa'an nan bai ci abinci ba, ya kuma yi aikin ƙarfi na sa'o'i, sukarin jininsa yakan faɗi ƙasa warwas. Alamunsa su ne waɗannan da muka gani: zufa, rawar jiki, jiri, ruɗewa, da wani irin taurin kai wanda ba halin mutumin ba ne. In ba a ba shi abu mai zaƙi nan da nan ba, sai suma, daga suma kuwa abin da Allah ya kiyaye. Muddin yana iya haɗiya, a ba shi sukari ko zuma ko dabino ko lemon kwalba; in ya riga ya suma kuwa kada a ɗura masa kome a baki, sai a kwantar da shi a gefensa a nemi asibiti. Asibiti kuwa a inda muke, sai an ɗauki mutum a kafaɗa an hau da shi abin da ya rage na dutsen, kafin a kai ga mota.

Muka ce, "Alhaji, don Allah ka karya." Ya girgiza kai. Ya ce shekara ashirin bai sha azumin Alhamis ba, ba zai fara yau ba saura sa'a uku a sha ruwa. Ya ce ai mu malamai mun sani, wanda ya karya nafila da gangan ya yi laifi kuma sai ya rama. Ku duba fa, jama'a, rabin mas'alar ya riƙe, kuma daidai ya riƙe ta, gama haka take a mazhabarmu. Sauran rabin da bai riƙe ba shi ne wanda ransa ya rataya a kai: wannan hukunci na wanda ya karya ba da uzuri ba ne. Wanda ciwo ya kama, ya halatta ya sha ko da a Ramadan ne, in kuwa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, to, shan ya zama wajibi a kansa, ci gaba da azumin shi ne saɓo. Muka tuna masa abin da Muslim ya ruwaito na shekarar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, sa'ad da azumi ya tsananta ga jama'a a hanya, Manzon Allah ya sa aka kawo masa ruwa bayan la'asar ya sha a gaban kowa, da aka gaya masa wasu sun ƙi karyawa kuwa ya kira su masu saɓo. Wancan fa azumin farilla ne, kuma saura kaɗan rana ta faɗi.

Ko ya ji mu ko bai ji ba, idanunsa sun fara lumshewa. Mu kuwa mun kewaye shi, kowa yana magana, babu mai ikon yanke hukunci, domin ba mu ba kowa wannan iko ba tun da safe. Wannan yana cewa a ɗauke shi, wancan yana cewa a gudu a kirawo mutane, wani yana karanto addu'a. Sai saurayin nan ya durƙusa a gabansa, ya sa hannu a aljihun Alhaji, ya fito da ƙullin dabino bakwai da ya tanada don buɗa-baki. Ya ɓare ɗaya, ya ce, "Baba Alhaji, da safe na tambaye ka, ka ce lafiya. Yanzu a hannuna kake, in ka mutu a nan ni za a tambaya, duniya da lahira. Kada ka ɗora mini wannan. Buɗe bakinka." Alhaji ya dube shi, hawaye suka zubo masa, ya yi bisimilla ya karɓa. Ya ci uku, muka ba shi sauran ruwan da ya rage, bayan kamar rubu'in sa'a ya ci burodi. Sannu a hankali maganarsa ta komo daidai, ya tambaye mu me ya sa muka tsaya.

Kafin ya iya miƙewa, hazon da aka gaya mana ya rufo, ba ka ganin mutum in ya wuce taki goma. A nan, a makare, muka yi abin da ya kamata mu yi a Yelwa: muka ce wa jagora shi ne shugaba, abin da ya ce shi za a yi. Ya sa Alhaji a gaba, mutum biyu suna tallafe da shi, ya hana kowa wuce shi, ya ce taki hamsin a huta.

La'asar ta same mu a wannan hali. Rana ba ta ganuwa, amma agogo ya nuna biyar ta gabato, faɗuwar rana kuwa a wannan wata wajen ƙarfe shida ne a can. Muka tabbata ba za mu fita ba sai lokaci ya ƙure. Ƙorama tana can ƙasa, gorunanmu babu ko ɗigo, waɗanda alwalarsu ta warware suka yi taimama a kan dutse, gama dutse yana cikin abin da ake taimama da shi a wurin Malik. Sai batun alƙibla. Mutumin Kano ya saba fuskantar gabas ya ɗan karkata hagu, amma Mambila tana kudu ƙwarai, saboda haka karkatar ta fi yawa: alƙiblarta tana wajen digiri 60 daga arewa, ta Kano kuwa wajen 68. Wayar ɗayanmu da ke da sauran caji ta nuna mana arewa, jagora kuma ya nuna inda rana ke fito wa Yelwa, muka ga sun dace. Da ma ba mu da ko ɗaya, da sai mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu yi salla, in kuskure ya bayyana daga baya a sake muddin lokaci bai fita ba. Muka sami ɗan wuri mai shimfiɗa, sahu biyu a matse, Alhaji ya yi tasa a zaune. Raka'a huɗu muka yi, ba wanda ya ta da zancen ƙasaru.

Mun fito cikin ciyawa ana kiran magariba a Yelwa, laka har gwiwa, ɗayanmu da takalmi ƙafa ɗaya. A daren nan aka kai Alhaji wurin ma'aikacin lafiya, ya auna shi, ya yi masa faɗa sosai, ya ce kada ya sake yin azumi, na nafila ko na farilla, sai ya zauna da likitansa an daidaita masa magani da lokacin shansa.

Da gari ya waye Alhaji ya same mu bayan sallar asuba, ya zauna, ya ce, "Allah gafarta Malam, azumin jiya fa, yaushe zan rama?" Muka ce masa babu ramuwa a kansa, domin wanda ya sha nafila saboda ciwo ba a bin sa kome. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce to, shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Muka ce ya je ya ga likita tukuna, in ya komo ma yi maganar. Har muka baro Nguroje bai komo mana da ita ba, amma abokin cinikinsa ya gaya mana ya ga ya sayi takalman roba a kasuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan zakkar dukiyar ciniki, mu fara da tambayar da wani mai karatu ya aiko mana daga Gusau game da bashin da ɗan kasuwa yake bin mutane.